Wanda Ya Tafi Kuza a Madadina

A shekarun babban yaƙin Turawa ina da kamar ashirin da biyu, ni ne babban ɗa a gidanmu, ban daɗe da aure ba. Mahaifina yana da lambun albasa a fadamar Wurno, kuma tun ina ƙarami akwai wani mutumin Gandi da yake yi mana aiki. Shi ke jan jigo, yana ɗebo ruwa da guga yana shayar da albasar tun safe har rana ta karya. Ya girme ni da kamar shekara goma, Yaya nake ce masa. Ɗakinsa yana bayan rumbunanmu, shi da matarsa da 'yarsu ƙarama, a tukunyarmu suke ci.

Bayan kaka aka aiko daga wurin hakimi cewa kowace unguwa ta fitar da majiya ƙarfi, za a kai su tudun Jos haƙar kuza na wata huɗu. Ba wanda yake son zuwa, mun ga yadda na farko suka dawo. Mai unguwa ya zo zaurenmu bayan la'asar, ina bakin ƙofa ina gyaran igiyar guga.

Ya ce wa mahaifina, "Malam, mutum guda anka aza ma gidanga. Babban ɗanka anka kira."

Mahaifina ya ce, "Ɗana aka so, ko mutum guda?"

"Nasara dai bai san huskar kowa ba," in ji mai unguwa. Ya miƙe ya sa takalmansa.

Washegari a lambu mahaifina ya tsaya bakin rijiya ya ce wa Yaya, "Kai za ka tahi kuza. Wata huɗu na. Aikinka shina jiranka, iyalinka kuwa iyalina na."

Yaya ya ce, "To, Baba." Ya sake jefa guga.

Ina tsaye kusa da su da fartanya a hannu, ban ce komai ba. Abin da na ji a lokacin sanyi ne a zuciya, ba zan ɓoye ba. Ranar na ci abinci sosai.

Aka tafi da su a ƙasa zuwa Sakkwato. Ni na koma kan jigo, cikin kwana bakwai tafin hannuna ya ɗaye, albasa ta fara yaushi. Mahaifina ya ɗauko wani ƙaƙƙarfa daga Rimawa, ya ce na ɗan lokaci ne. Sabon yana bukatar wurin kwana, sai aka mayar da matar Yaya ɗakin kakata, aka ba shi nasu. Wata huɗu suka wuce babu labari. Matan gida suka fara maganar hatsi a duk lokacin da ta miƙo ƙwaryarta. Wata safiya ta goya 'yarta ta koma gidan iyayenta a Tursa. Ba wanda ya kore ta, ba kuma wanda ya ce ta tsaya.

Sai da damina ta sauka Yaya ya dawo. Da ƙyar na gane shi. Wuyansa ya zama kamar kara, yana tari mai tsawo wanda sai ya dafa bango. Ya ce sanyin can ne, a ramuka suke yini cikin ruwa, bargo guda mutum biyu. Bai ƙara wani bayani ba. Ya leƙa ɗakinsa ya ga kayan wani, ya shimfiɗa tabarma a zaure.

Kwana goma yana bin mu gonar gero. Ba ya kai ƙarshen kunya sai ya durƙusa. Rana ta goma sha ɗaya mahaifina ya kira shi ya ce, "Jikinka bai ɗaukar aikinga. Tahi wurin iyalinka ka yi jinya." Ya sa aka fito masa da damin gero biyu da tsohuwar riga. Da damina dami biyu ba ƙaramin abu ba ne, na san haka mahaifina yake gani.

Da Yaya ya fita na ce, "Baba, kun ce mishi aikinshi na jiranshi."

"Ya jira shi. Ga shi ya zo ya kasa. Baki nawa kaka son rumbunga shi ciyar?"

Na ɗaura geron a kan jaki na raka shi. Muka bi ta Rabah, tafiyar da ya kamata mu gama da azahar ta kai mu yamma, saboda yawan tsayawa. A gindin wata tsamiya, bayan tarin ya sake shi, na fara cewa, "Yaya, akwai abin da ban taɓa hwaɗa maka ba."

Ya ce, "Na san wa anka kira. Tun ranar na sani, matar mai unguwa ta gaya ma tawa."

"To mi ya hana ka magana?"

"In ce mi? Tuwon gidanku nika ci." Ya goge bakinsa da hannun riga. "Da an tambaye ni ma, da na tahi. Kai ka yi sabon aure. Amma ba a tambaye ni ba."

Babu fushi a muryarsa, gajiya ce kawai. Na sauke masa geron a ƙofar gidan surukansa, na juyo da jakin.

Na yi niyyar komawa duba shi bayan girbi, sai dashen albasa ya zo, bayansa kuma wani aikin. Shekara biyu ina niyya. Wani makiyayi ne da ya biyo ta fadama ya gaya mini Yaya ya rasu, har an yi kwana bakwai. Mahaifina ya yi masa addu'a, ya ce mutumin kirki ne, bai taɓa musu da shi ba.

Na tafi Tursa gaisuwa ni kaɗai. Surukin Yaya ya karɓe ni a zaure, ya aika ciki a gaya wa matar marigayin cewa ɗan maigidansu na Wurno ya zo. Aka dawo aka ce ta gode. Na zauna har la'asar, ba ta fito ba.