Yaya Mutari da Motar da Ta Ƙi Shan Kwana

Bana shekara arba'in da shida ke nan da rasuwar yayana Mutari. Ya bar duniya bai kai hamsin ba, ni kuwa ga ni na haura saba'in, har 'ya'yana sun girme shi. Waɗanda suka san shi sun kusa ƙarewa, shi ya sa na ga gara in rubuta abin da na gani da idona tun ina da sauran ƙarfi.

Direba ne a wani ƙaramin dispanser a ƙasar Dungas, inda ni ma nake aikin karɓar haihuwa. Mu uku ne a wurin: ni, da shi, da shugabanmu Majo Sanusi, wanda shi ke duba marasa lafiya. Motarmu wata tsohuwar a-kori-kura ce mai rumfar tamfol, wadda tayoyin baya ke turawa. Yaya ya yi shekara goma sha biyu yana jan ta a cikin rairayi da jan burji, ya san halinta ciki da bai. In ya zo kwana sai ya ƙara mata wuta kaɗan, bayanta ya zame gefe, ya tare ta da sitiyari, ta miƙe. Ko mai barci a baya ba ya farkawa.

Bayan shekarun fari, tsohuwar ta gaji har ta kwanta. Wasu masu agaji da suka gama aikinsu suka bar mana wata 'yar ƙaramar mota fara mai ƙofa a baya, wadda in an kwantar da kujera mara lafiya zai iya miƙe ƙafa. Sun faɗa wa Yaya cewa wannan da tayoyin gaba take ja. Ya ji, amma bai ɗauki maganar da nauyi ba. A ganinsa mota mota ce.

Mako biyu da zuwanta muka taso daga Magariya da akwatin allurar ƙyanda, Majo a gaba, ni a baya. Akwai wata kwana mai kaifi kafin a iso garinmu, inda hanya ke kauce wa wani kwari. Yaya ya shiga ta yadda ya saba, ya karya sitiyari, ya ƙara wuta. Motar ta ƙi juyawa. Ya ƙara karyawa, ya ƙara wuta, ita kuwa ta miƙe sambal kamar ba a taɓa ta ba, muka faɗa gonar gero muka daki kututture. Hannun Majo ya karye, kwalaben allura suka farfashe, ni na tsira da tsagewar goshi. Yaran ƙauyuka huɗu suka rasa rigakafi a wannan watan.

Majo ya karɓe makulli, ya ce zai rubuta wa kumandan, mai mulkin yankinmu a Magariya, a turo wani direba. A gari kuwa magana ta rabu biyu. Wasu suka ce kwanar ce ke da iska, wasu suka ce idon Mutari ne ya fara mutuwa. Innarmu ta roƙe shi ya haƙura ya koma gona. Da na kai masa abinci na tarar da shi zaune bai taɓa na safe ba. Na ce masa ƙaddara ce, kowa ya sani. Ya dube ni ya ce: "Na yarda da ƙaddara, Nana. Amma hannuna ne a kan sitiyari, kuma ban san abin da na yi ba. In ban gano shi ba, wanda za a turo shi ma nan zai faɗa."

Da aka ja motar zuwa garaj a Magariya, ya bi ta, ya kwana uku a wurin wani tsohon makanike da ya taɓa aiki a Damagaram. Tsohon ya ɗaga gabanta ya nuna masa. A tsohuwar motar, aiki rabe yake: na baya su tura, na gaba su juya. A wannan kuwa tayoyin gaba su ke ja, su ke juyawa. In ka matsa musu da wuta a tsakiyar kwana a kan ƙasa mai santsi, sai su saki ƙasa, juyawar ta gagara. Wato dabarar da ta fisshe shi shekara goma sha biyu ita ce ta jefa mu gona.

Ya dawo ya sami Majo, hannunsa na rataye a wuya, ya roƙe shi kwana goma kafin a aika takarda. Majo mutum ne mai zafi amma ba mai zalunci ba. Ya ce motar dama tana bukatar gwaji bayan gyara, ya ba shi makullin bisa sharaɗin ba zai ɗauki kowa ba.

Akwai wani tafki da ya ƙafe a bayan gari. Yaya ya jera duwatsu ya zana siffar kwanar nan daidai, ya cika buhu uku da rairayi a madadin mara lafiya da 'yan rakiya. Kullum da hantsi yana can yana zagaye, ƙura na tashi, masu zuwa rijiya suna tsayawa suna dariya. Ya watsar da duwatsun nan ban san sau nawa ba, ya fito ya sake jera su. Ya gano cewa birki kafin kwana ake gama shi. Ya gano in gaban ya fara zamewa, sai ya sassauta ƙafa a hankali, ya ɗan saki sitiyari, tayoyin su sake kama ƙasa. In kuma ya ɗage ƙafar gaba ɗaya lokaci guda, baya ne ke wulwulowa. Ya kuma lura in buhunan suka taru can ƙarshen baya, gaban yakan yi sakayau ya ƙi jin magana, don haka ya matso da su tsakiya. Abin da ya fi ba shi wuya, in ji shi, ƙafarsa ta dama, wadda ta saba takawa da kanta.

Kwana goman ba su cika ba aka yi ruwan farko. Washegari da azahar aka kawo wata mata a amalanke daga wajen Guci, ta kwana biyu tana naƙuda, ɗan ya zo a gicciye. Na duba na ce wa Majo wannan ta fi ƙarfinmu, sai Magariya. Babu wani direba, babu wata mota. Majo ya juya wajen Yaya ya ce: "Malam Mutari, ku ɗauke ta."

Na zauna a baya na riƙe kanta, mijinta da uwarta Yaya ya sa suka matso kusa da kujerar gaba. Burjin ya jiƙe ya yi santsi. Da muka doshi kwanar na ji ya taka birki tun daga nesa, ya sauke giya. Duk da haka a tsakiyarta gaban ya fara zamewa zuwa kwari. Na ga ƙafarsa ta motsa, ta tsaya. Ya sassauta, ya ɗan saki sitiyari, motar ta yi kamar ta yi tunani, sannan ta juya ta bi hanya. Gumi ya jiƙa bayan rigarsa. Mun isa kafin la'asar. Ɗan bai zo da rai ba, amma uwar ta tashi, ta koma gida da ƙafarta. Takardar kumandan kuwa ba a taɓa aika ta ba.

Shekara uku kawai ya ƙara, sanƙarau ya ɗauke shi. A cikinsu duk ranar kasuwa yana tasha yana zana kwana a ƙasa da tsinke, yana nuna wa direbobi bambancin mai ja da mai turi. Ba ya ɓoye cewa shi ne ya faɗa gona, da nan ma yake fara bayani.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Kusan duk ƙananan motocin haya da ke zirga-zirga tsakanin Waca, Yekuwa da Magariya masu jan gaba ne. Ana lafta musu buhunan wake a baya har gabansu ya ɗaga sama, yaro ya shiga kwana da gudu yana amsa waya. In aka faɗi, a ce tsautsayi, a yi ta'aziyya, a watse. Na san ba zai zagi kowa ba. Zai nemi tsinke ya durƙusa.

Bai bar mana gida ba, bai bar hoto ba ko ɗaya. Abin da ya bari shi ne halin nan na ƙin barin kuskure ya wuce ba a san dalilinsa ba, kuma na yi niyyar ba zai mutu a hannuna ba. Watan jiya a tashar Waca na ƙi shiga mota sai an rage kayan da aka tara mata a baya. Fasinjoji suka yi ta gunaguni. Direban ya ce: "Hajiya, kin taɓa tuƙi ne?" Na ce masa ban taɓa riƙe sitiyari ba, ƙanwar direba ce ni, na kuma nuna masa tabon goshina. Ya zagaya baya, ya sauke buhu biyu.