Sifilitar Baffa Habu

Duk wanda ya taɓa zama da Baffa Habu ya san ba a roƙonsa goro cikin sauri. In ka ce, "Baffa, a ɗan ɓantaro mana," to ka nemi wurin zama. Sai ya zaro reza, ya zaro wani ma'aunin ƙarfe mai baki kamar sifana, ya auna goron ta tsaye, ya auna ta kwance, sannan ya yanka. In ɓari ɗaya ya ɗara ɗaya, ko da ƙwayar gero ce, sai ya kankare ya jefa a bakinsa ya ce, "Wannan asara ce, ni ke ɗauka." Kafin goron ya iso hannunka wallahi kwaɗayin ya tafi.

Ni Dije na fi kowa shan wannan jira, domin shagon ɗinkina yana jikin gidansa a Gyaɗi-Gyaɗi. Su uku ne a wurin kakanmu: Babana ne babba yana Tarauni, sai Baffa Habu, sai autansu Baffa Sule a Daurawa. Shekarar da sojoji suka koma bariki aka dawo siyasa, Baffa Habu ya yi ritaya daga ofishin wayar tarho. A zaɓen shekarar ne kuma Baffa Sule ya liƙa fastar ɗan takararsa a ƙofar gidan Baba, Baba ya yage ta a gabansa. Daga ranar ko gaisuwa ta yanke. Mu 'ya'ya muka koma gaisawa a ɓoye, a biki kowa na duban bayansa. Abin yana ci mini rai ƙwarai, don ina ganin zumuncin gidanmu zai mutu a kan takarda da gam. Baffa Habu kaɗai ke shiga gidajen biyu.

Da wayar salula ta shigo gari, mutane suna hawa katanga neman sabis, sai Baffa ya kulle kansa a ɗakin zaure ya ce zai ƙera sifilita. Na ce, "Baffa, mece ce kuma sifilita?"

Ya ce, "Abu ne mai sauƙi. Saƙo ya shigo ta ƙofa ɗaya, ya fita ta ƙofa biyu, kowace da rabonta daidai. Duk ƙarfen sabis ɗin da kike gani akwai ta a ciki."

"To tunda akwai ta, me za ka ƙera?"

"Ta yi girma!"

"Ta dame ka ne?"

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Dije, koma kan kekenki."

Ta farko da ya yi ta kai faranti. Wani allo ne mai fuskar jan ƙarfe, da zane a kai kamar cokali mai yatsu biyu. Wai sai an buga zanen a takarda, a kifa a kan allon, a danne da dutsen guga, sannan a tsoma a wani ruwan magani mai launin shayi. Dutsen gugar wa? Nawa mana! Rannan ya dawo mini da shi ban duba ba, na ɗora a kan farin hijabin wata Hajiya. Ina ɗagawa sai ga zane baƙi ƙirin, layi-layi, a daidai tsakiyar baya. Hajiya na gani ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Hatimi! Dije, wa ya ba ki aikina? Me na yi miki?"

Ina rantse-rantse, sai ga Baffa ya leƙo. Na ce alhamdu lillahi, ga mai wanke ni. Ya karɓi hijabin, ya ɗaga shi a rana, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kash! Ya fi fitowa a nan fiye da kan allona. Hajiya, wane irin yadi ne wannan?" Matar nan har yau in ta hango ni sai ta tsallaka titi.

Daga faranti ta koma kamar sabulun wanka, daga nan kamar akwatin ashana. Kullum ya rage sai ya kira ni in gani, kullum kuma kaina sai ya ƙara kullewa. Na ce masa, "Baffa, in ƙarama kake so, ga almakashi, ka datse layin mana."

Ya yi salati kamar na zagi wani. "A datse? Tsawon layin nan ba ya taɓuwa! In kin rage shi ko da kaurin gashi ne, saƙon ya ɓata. Hanyar ba ta gajartuwa, sai dai a lanƙwasa ta, ta je ta dawo, ta je ta dawo, har ta shiga ɗan wuri." Ya fizgi tef ɗin awona ya nannaɗe shi a tafin hannu.

Na ce, "Au, wato tattara kake yi, irin ta siket."

"Ba tattara ba ce!"

"To mece ce?"

Ya dubi tef ɗin, ya ce, "Kada ki gaya wa kowa."

Ranar da aka fi shan dariya ita ce ranar da sifilitar ta ɓace. A lokacin ta koma kamar farcen babban yatsa, kuma ya shirya zai kai wa wasu masu kamfanin waya su gani. Ya sa babbar riga, ya laluba aljihu, babu! Aka ɗaga tabarma, aka zazzage buhun gero, matarsa Inna Rabi ta tankaɗe sharar gidan kaf da rariya. Can Baffa ya tsaya cak yana kallon kazarta, wata ja mai ƙiba da ke tono a bakin zaure.

Ya ce, "Rabi, dubi yadda take tafiya."

"Haka take tafiya tun tana 'yar tsako, Malam."

"A'a. Wannan tafiyar mai ɗauke da kaya ce."

Inna ta yi magiya, ta ce kazar ƙwai take yi, ina! Aka yanka, aka buɗe ƙundu, ba komai sai tsakuwa. Da azahar ta yi ya zauna alwala, ya cire hula zai shafi kai, sai ga abu ya faɗo ƙwal a cikin buta. Shi da kansa ya soke ta a naɗin hular don kada ta ɓace. Inna ta riƙe ƙugu tana jiran ban haƙuri. Baffa ya ce, "Kin ga amfanin ƙanƙanta ke nan. Da faranti ce ai da ba ta shiga hula ba."

Masu kamfanin dai suka ce su daga waje ake kawo musu tasu. Bai damu ba, ya ce tasu ta fi tasa girma. Kazar kuwa da aka soya, ya auna ta ya raba biyu, ya zuba a kwano biyu, ya tare ɗan acaɓa ya fita. Inna ko fiffike ba ta gani ba. Na ɗauka wani sabon shirmen ne, ban tambaya ba.

Na dai san yana kai saƙo tsakanin 'yan'uwansa. Da kunnena na ji Baba ya ce masa, "Ka gaya wa Sule, in na mutu kada ya zo jana'izata." Baffa ya ce, "To, Yaya, zan isar," ya ci gaba da kankare goronsa.

Wata rana ya miƙo mini gilashin ƙara girma ya ce in leƙa ta ƙarshen da ya yi. Tsakanin yatsun zanen nan biyu na ga wani ɗan baƙin abu kamar ƙwayar riɗi. Na ce, "Datti ya maƙale."

Ya ce, "Datti? Rasista ke nan. In ƙofofin biyu suna lafiya, ba ya aikin komai. Amma in ɗaya ta turo abu baya da ƙarfi, shi ke shanyewa, don kada ya isa ga ɗayar."

"Shi kuma ya yi yaya da shi?"

"Ya yi zafi, ya huce. Komai na rage a allon nan, shi ne kawai ban iya cirewa ba."

Na ce to, na koma kan kekena. Ban fahimci komai ba, kamar kullum.

Rasuwar Baffa Habu ba ta zo da doguwar jinya ba. A wurin jana'iza, an ce Baba yana wannan ƙarshen sahu, Baffa Sule yana wancan. Na ce a raina shi ke nan, mai shiga gida biyu ya tafi, mun rabu ke nan har abada. Ranar sadakar uku suka shigo yi wa Inna gaisuwa, tsautsayi ya haɗa su a tsakar gida. Ina zaune a gefenta. Baba ya juya fuska ga bango ya ce, "Rabi, ki gaya wa wancan, zuma da soyayyar kazar da yake aiko mini, don darajar Habu nake karɓa."

Baffa Sule ya zaro ido. "Wace zuma? Ni? Ai kai ne, Yaya, kake aiko mini da shadda duk sallah, kana cewa in yi haƙuri!"

"Ni na ba ka haƙuri? Cewa na yi kada ka zo jana'izata!"

"Ni kuma cewa na yi a gaya maka ina nan zuwa da sabuwar fasta!"

"Ba a gaya mini ba. Cewa aka yi kana tambayar ciwon ƙafata."

Suka tsaya suna kallon juna, baki buɗe. Inna Rabi ta share hawaye da bakin mayafi ta ce, "Ni dai kazata ce, in kuna son sani. Rabi-rabi kuka ci."

Baffa Sule ne ya fara dariya, dariyar ta juye ta zama kuka. Ni kuwa ɗan baƙin abin nan kamar riɗi ne ya faɗo mini a rai. Shekara da shekaru bawan Allahn nan yana ɗaukar baƙar magana daga Tarauni, ya ɗauko wata daga Daurawa, ba wadda ta taɓa isa inda aka aike ta. Kuma ko sau ɗaya bai ce mana ta yi masa zafi ba. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar rasuwar.

Baba ya zauna a bakin tabarma, ya laluba aljihu ya ciro goro. Ya ɓantara da hannu, ya fito a karkace, ya miƙa wa ƙaninsa babban ɓarin.

Baffa Sule ya duba ya ce, "Yaya, bai yi daidai ba."

Baba ya ce, "Karɓi, Sule. Mai awon ya tafi."

Sifilitar tana nan a gwangwanin maɓallaina, har yau ban san inda ake jona ta ba. Allah ya jiƙan Baffa Habu, ya sanyaya makwancinsa kamar yadda ya sanyaya tsakaninmu. Abin da ya haɗiye dominmu, Allah ya sa ya tarar da shi a mizani, a ba shi ladansa cikakke ba tare da an kankare komai ba. Amin.