Robon da Ya Tafi Korar Tsuntsu

Ni mutum ne mai son agogo. A kolej ɗin da nake koyar da fizik a Gaya, ana buga ƙarfen takwas nake rufe ƙofar aji, ko ɗan wane ne a waje. Da sojoji suka karɓi mulki, wani abokin aikina ya ce ai ni na daɗe da yin nawa juyin mulkin, yara kawai ba su da rediyon da za su sanar. Ban ji haushi ba, don gaskiya ya faɗa.

A shekarar ce na tara yara biyar daga ajin da zai zauna jarrabawar burebe ta kammala kolej, na ce za mu haɗa robo. Ƴar mota na yi niyya, mai bin layi da kanta. Na sa aka saya mini kayan a Kwatano, sai aka rufe gadar kan iyaka, suka tsaya a Malanbil, garin da muke hangowa daga bakin kogi. Najeriya ma ta yanke mana kuran, wato wutar lantarki. Abin da ya rage a hannunmu kati ne ɗan ƙarami da ake rubuta wa umarni, da tsohuwar ordinater, wato kwamfuta, wadda muke cajawa da pannon hasken rana na ofishin diraktar.

Duk da haka na raba aiki, kuma da makin jarrabawa na raba shi. Yarinyar da ke zuwa ta ɗaya ita ce mai rubuta umarni. Na biyu ya ɗauki wayoyi. Biyu suka ɗauki katako da ƙusa. Na biyar, wani dogon yaro daga ƙauyen bakin kogi da ke zama a bencin baya, na rubuta masa ɗaukar kaya. Ya taɓa maimaita ajin, idan ya sake faɗuwa kora ce. Na sa shi cikin ƙungiyar ne don tausayi, na kuma ɗauka na yi masa alheri.

Saura mako biyar jarrabawa ya tsaya bayan an tashi, yana murza hular da ke hannunsa.

"Mushe," ya ce, don haka yara ke kiran malami a nan, "daga Litinin ba ni zuwa."

Shinkafar rani ta fara nuna, tsuntsayen jan baki sun sauko. Bana ba shinkafar waje a kasuwa, abin da gonarsu ta bayar shi gidan zai ci, kuma mahaifinsa yana kan sauran aikin gona, babu wanda zai tsare ta sai shi. Wata guda zai yi a kan rumfa daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, yana jan igiya mai gwangwanaye. Raina ya ɓaci, na yi ta faɗa, kamar shi ya kira tsuntsayen. Yarinyar nan tana tattara littattafanta, sai ta ce, "Mushe, in jan igiya ne kawai, mi zai hana robo ya ja?"

Ranar muka manta da ƴar mota. Manyan motocin kaya sun yi wata da watanni a jere kan hanyar gada, direbobi har sun kafa murhu a ƙarƙashinsu. Wani bakanike a wurin ya ba mu injin da ke kaɗa magogin gilashi, na wata motar da ta riga ta mutu, ya ce mu dai kira shi ya ga abin. Batirin babur ɗina na cire. Yaran suka bi masu shayi suna tsintar gwangwanin madara da na tumatir. Kwana shida muka yi a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro da ke bayan aji, muna ɗaurawa muna kwancewa, har hannun katakon ya fara fizgar igiya yadda nake so.

Ni na yanke lokacin: fizga uku, kowane minti biyu. Yaron ya ɗago kai daga gwangwanayen da yake zuba wa tsakuwa.

"Mushe, ba haka aka ja ba."

"Kai dai ɗaura igiya," na ce. "Lissafin ka bar wa masu shi."

Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da ɗauri.

Mahaifinsa mutum ne gajere mai ƙarancin magana, Dandanci ne harshensa, Hausarsa ta kasuwa ce. Da muka kafa abin namu a gonar, ya zagaya shi sau biyu, hannu a baya. Ya ce ya ba mu kwana uku. Yaron zai zauna a rumfa amma ba zai taɓa igiya ba. In shinkafa ta tsira, ya koma lakkol, wato makaranta, da safe, ya riƙa zuwa gona da maraice.

Alhamis da Juma'a labari mai daɗi ya zo mana. Ranar Asabar na kwashi sauran yaran muka tafi, har da bakaniken a kan kabu-kabu. Na sa sabuwar riga, ban ɓoye ba, yabo na je karɓa.

Tun daga kan gaɓa na ga abin. Jan baki sun rufe gefen gonar, wasu ma a kan igiyar tamu suke zaune. Lokaci na cika sai su ɗan tashi sama, gwangwanaye su yi ƙararsu uku, su kuma su dawo su ci gaba da ci, ko a jikinsu. Yaron yana kan rumfa ya dunƙule hannayensa tsakanin gwiwoyi, yana kallon abincin gidansu yana tafiya, don an ce kada ya taɓa.

Uban ya tsinko zangarniya ɗaya wadda aka cinye rabinta, ya miƙo mini.

"Mushe, abin naka yana da agogo. Tsuntsu ya gane agogon."

Kunya ta rufe ni, ga ɗalibaina a tsaye. Abin da ya fi ci mini rai shi ne an gaya mini tun a bayan aji, ni na toshe bakin mai gaya mini. Amma ban yi niyyar komawa gari da batiri a kai ba. Na roƙi dattijon ya ƙara mana lokaci. Ya dubi gonar, ya dubi ɗansa.

"Kwana huɗu wannan karo. Ka ga su, sai kwana uku suke gane mutum."

Washegari Lahadi da sassafe muka dawo. Na kashe injin, na ce da yaron ya ja igiyar da hannunsa yadda ya saba, mu kuma muka jeru a kan kunyar gona, yarinyar da littafi, ni da agogon nawa. Sai ga shi ba ya ja iri ɗaya ko sau biyu. Wani lokaci fizga ɗaya mai ƙarfi, ya yi shiru har in ɗauka ya manta, sannan ya jero biyar a guje. Wani lokaci ya bar su su sauka tukuna. Da na tambaye shi dalili, ya fara magana yana kallon ƙasa, can ya saki jiki. Ya ce da hantsi da la'asar suka fi yunwa, da tsakar rana a bar inji ya huta. Ya ce a riƙa sauya wa turakun da ke riƙe igiyar wuri kullum, a cakuɗa manyan gwangwanaye da ƙanana, a rataya tsumma a tsakani. Awa uku yana koyar da mu. Ban taɓa jin ya yi jimla uku a jere cikin ajina ba.

Yarinyar ta zauna a inuwar mangwaro ta sake rubuta umarnin, yadda katin zai riƙa zaɓen lokaci da yawan fizga ba tare da tsari ba, cikin iyakar da yaron ya bayar. Duk layin da ta rubuta sai ta karanta masa, ya ce e ko a'a. Sau biyu na buɗe baki zan gyara, na tuna rigar jiya, na fasa.

Litinin zuwa Alhamis bencin baya babu kowa. Ina koyarwa ina kallonsa. Da maraice yaron da ya ɗauki aikin wayoyi yake zuwa gonar ya duba batiri, ya dawo ya ce da sauƙi, amma dattijon bai yanke hukunci ba tukuna. Na kasa cin abincin kirki a kwanakin, don na san in yaron ya rasa watan nan, da hannuna a ciki.

Ranar Juma'a aka buga ƙarfen takwas, na leƙa hanya ban ga kowa ba, na rufe ƙofa. Na yi kiran suna, na wuce nasa da sauri. Muna tsakiyar darasi, takwas da minti ashirin, aka ƙwanƙwasa. Yara suka juyo suna kallona, don kowa ya san dokar. Ta tagar na hango shi, taɓo har gwiwa, littafi a cikin leda.

"Mushe, sai da na sauya turaku. Baba ya ce in taho, shi zai zauna da ƙanen nawa."

"Wane ƙane?"

"Robon."

Yara suka kwashe da dariya. Na dubi agogon hannuna, kamar yadda na saba, na cire shi na sa a aljihu, na zare sakata.