Kifin Inna Ba Fireshi Ba Ne

Ni Zakiyya malamar firamare ce a Yelwa, Turanci nake koyarwa, amma akwai kalmar da in na ji ta sai zuciyata ta tashi. Fireshi! A littafi ma'anarta sabo ne, abin da bai kwana ba. A garinmu kuwa ta zama tabarmar kowa. Yarinya ta shafa mai ta koɗe kamar ɓawon rogo, a ce ta yi fireshi. Saurayi ya yi aski, fireshi. Burodin shekaranjiya a sake masa leda, shi ma fireshi ne.

Innata, Tamada, shekara talatin tana banda kifi a bakin ruwan Yauri. Da asuba take tarar masunta, ta zaɓi tarwaɗa da karfasa, ta wanke, ta lanƙwasa, ta jera a kan waya, hayaƙi ya yi ta cin idonta har la'asar. Da hayaƙin nan ta yi mini karatu. Ba ta taɓa shiga aji ba, kuma ba ta da kunyar faɗa wa mutum gaskiya a fuskarsa.

Kusa da rumfarta akwai wani Zaidu, dillalin kifi, ƙazami na ƙin ƙarawa. Shi kwantai yake saye da araha, wanda tsutsa ta fara ci, ya kai bayan rumfa ya feshe shi da fiya-fiya, maganin sauro, ya goga masa mai. Kifi ya yi ta ƙyalli, ko ƙuda ba ya kusantarsa. Sai ya daddage yana kira: "Fireshi! Fireshi!" Tir! Inna kullum tana gani, kullum tana jin kiran. Don haka a wurinta fireshi sunan kifin da aka fesa wa guba ne, ba ta san wata ma'ana ba. Ni kuma mai Turancin, ban taɓa tambayarta ba.

Babbar mai sayen kifinta Madam Christiana ce, daga Anacha. Shekara ashirin tana zuwa, ba ta taɓa buɗe kwali ta duba ba. Ita ce rufin asirin rumfar, domin 'yan gari na miyar yini kawai suke saye. Da ciwon ƙafa ya kwantar da ita, sai ta turo ɗanta Gideon, yaro mai ladabi, amma Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba.

Ya durƙusa ya gaida Inna, ya ɗaga tarwaɗa ɗaya ya ce, "Mama, fireshi ne?"

Inna ta miƙe tsaye. "Mi kac ce? Allah shi kiyashe ni! Kihina ba hireshi ba na. Ban taɓa saida hireshi ba, tambayi uwarka!" Har da yarfe hannu, yadda ko kurma zai gane. Ta nuna rumfar Zaidu da baki. "Ga mai hireshi can."

Gideon ya yi godiya, ya nufi can. A gabanta aka loda kwalayen Zaidu a mota.

Da yamma ta ba ni labari tana huci, wai an zage ta. Nan take na gane abin da ya faru. Na ce, "Inna, ai sabo yake nufi. Tambayarki ya yi ko kifin sabo ne."

Ta ce, "To shi Zaidu, ruɓaɓɓe shika kira sabo?"

Na ce eh.

"Kuma ni da bakina nit tura yaron mutane wurinai? Ɗiyan wasu za su ci wannan?"

A ranar na kira Madam Christiana na yi mata bayani, ta sa aka zubar da kayan. Ta yi dariya, ta ce ba komai, amma Gideon ya ji tsoro, in ya dawo Inna ta faɗa masa da bakinta. Sati biyu ina lallashin Inna. Na ce kalma ce kawai, kuma gaskiya ce, kifinta sabo ne.

Ranar kasuwa Gideon ya dawo, na tsaya a gefenta. Ya sake tambaya. Daga can Zaidu yana ta rafka kiransa na fireshi. Inna ta sunkuyar da kai, ta ce a hankali, "Hireshi na." Ya washe baki, ya kwashe kayan duka.

Na ce, "Kin gani? An rabu lafiya."

Ta ɗauki buta ta kurkure baki sau uku, ta tofar a gindin murhu.

"Zakiyya," ta ce, "shekara talatin ba a taɓa tambayata ba. Yau an tambaye mu ni da Zaidu, amsarmu ɗaya."