Indararon Baba Sada

Shekara arba'in Baba Sada yana gina soraye a Babban Mutum, kuma kowa ya san taurin kansa a kan abu ɗaya: indararo. Inda sauran magina ke sa biyu, shi huɗu yake sawa, masu faɗin baki. In mai gida ya yi ƙorafi, sai ya tattara kayan aikinsa ya ce a nemi wani.

Hujjarsa ita ce ruwan yanzu ba irin na da ba ne. Da ƙuruciyarsa ruwa kan wuni yana sauka a hankali. Yanzu kuwa na mako guda ke zubowa tsakanin azahar da la'asar.

Wata rana 'yarsa Firdausi, malamar makaranta, ta ce masa ta ji a rediyo har can ƙarshen duniya, ƙasashen ƙanƙara, ruwa mai ƙarfi yana ƙaruwa.

Ko ɗagowa bai yi daga kwaɓin ƙasarsa ba.

"Sai yanzu suka gani? Da suna hawa soro, da tuni sun sani."

A daminar nan soraye bakwai suka rufta a unguwarsu. Waɗanda ya gina kuwa, ko yoyo ba su yi ba.