Ƙofar da Muka Bar wa Taubashina

Shafin intanet na farko da na gina a rayuwata na manoman albasa ne, 'yan ƙungiyar garinmu, Aliero. Lokacin ina aiki a wani shagon intanet a Jega, bayan tasha, inda janareto ya fi kwamfutocin aiki, mu kuma muka fi janareton surutu. Manhajar da na gina shi da ita ba saya na yi ba. Irin wadda ake bari a fili ce: mutane daga ƙasashe daban-daban suka haɗu suka rubuta ta kamar aikin gayya, suka ce kowa ya ɗauka, ya leƙa cikinta, ya gyara inda bai yi masa ba. Ni dai ɗauka na yi. Gyara kuwa sai daga baya, da wuya ta koya mini.

Abu na farko da na ɗora ɗan labari ne cewa an fara cirar albasa, da hoto guda da na ɗauka da wata ƙaramar waya a gonar gwaggona, ƙanwar babana, wadda ke aure a Sabiyal. Allah ya jiƙanta. Hoton dishi-dishi ne. Ana ganin rudu a baya, wato rumbun karan da ake adana albasa, a gaba kuma hannun mutum riƙe da wata ƙatuwar albasa. Hannun ɗanta ne, taubashina, wanda tun muna yara muke gardamar wane ne bawan wani, ba mu taɓa gamawa ba. Don cika baki na sa shi ya hardace adireshin wannan labarin, wani dogon abu mai alamar tambaya da lambobi a wutsiya. Ya yi ta mita, amma ya riƙe shi tsaf.

Ni a tunanina kullum zan riƙa ɗora sabon labari, mutane su buɗe su karanta. Mutanenmu ba haka suka ɗauke shi ba. Wannan labarin na farko shi aka ajiye musu a wayoyinsu, shi suka sani, kuma a ƙarƙashinsa suke rubuta komai. 'Yan kasuwarmu da ke Kudu da direbobin manyan motoci suka mayar da wurin sharhin zaure. Wani ya sanar da haihuwa, wani ya yi ta'aziyya, wani direba ɗan Maiyama ya yi kuka da halin hanya, wani ya tambayi ko an yi ruwa a Katanga. Na sha rubuta musu cewa akwai sababbin labarai a gaba, ba wanda ya kula ni. Haushi nake ji a lokacin. Yanzu kuwa ba abin da nake kewa kamar wannan hayaniyar.

Cikin waɗannan shekarun taubashina ya samu saɓani da babansa a kan gona. Magana ta yi zafi, ya bi motar albasa zuwa Kudu, daga can ya ƙetare iyaka, ya yi ɓatan dabo. Babu lambar waya, babu wanda ya san garin da yake. Har baban ya rasu bai dawo ba. Amma can ba a rasa ba, wajen Sallah ko lokacin cirar albasa, sai in ga ɗan rubutu a ƙarƙashin tsohon labarin: "Bawana, ka ce ma Inna ina lahiya." Ba ya sa suna, ba ya amsa tambayar ina yake. Da alama wayar wani yake ara, ya buga adireshin nan da ya hardace. Ni kuma in hau mashin in kai wa Gwaggo saƙo. Da wannan ɗan layin take rayuwa har wani ya zo.

A hankali kowa ya koma dandalin sada zumunta, zauren ya watse. Manhajar ma ta tsufa a hannuna. Kowane lokaci na shiga sai in ga sanarwa a sama cewa sabon zubi ya fito, in kawar da kai. Na yi ta jan ƙafa har kamfanin da ke ba mu wurin ajiye shafin ya aiko cewa tsohon zubin ba shi da tsaro, za su daina ɗaukarsa, ko in sabunta ko shafin ya mutu.

Na kwafe komai zuwa kwamfutata, na gwada sabuntawar a kan kwafin tukuna. Gaskiya sabon zubin ya yi kyau, ga sauri, ga shi ya zauna daidai a fuskar waya. Har na fara murmushi. Sai na buga tsohon adireshin nan don in gani, ya ce ba a sami shafin ba. Sabon zubin ya sake wa kowane labari adireshi, bai san tsohon wurin sharhin da nake amfani da shi ba, nasa kuma ba ya barin kowa ya yi rubutu sai ya yi rajista da imel. Mutumin da ko lambar wayarsa ya hana uwarsa, shi zai tsaya rajista?

Na tafi Sabiyal in yi wa Gwaggo bayani, don in abin ya ɓaci kada ta ji shiru ta ɗauka mutuwa ya yi. Na same ta a rumfa tana ware ruɓaɓɓun albasa daga masu kyau. Na yi ta kewaye-kewaye da maganar manhaja da tsaro, tana jina ba ta ɗago ba.

"Ɗan nan, hwaɗa min da Hausa," in ji ta. "Mi za ka yi?"

Na ce, "Gwaggo, gidan ne za a rushe a sake ginawa. Ƙofar da yake shigowa ba lallai ta tsaya inda take ba."

Ta ajiye albasar da ke hannunta. Ta nuna mini ƙofar gidanta da haɓa. Na san labarin wannan ƙofar, kowa a dangi ya sani. Lokacin da aka rushe katangar ƙasa aka yi ta bulo, hanya ta riga ta koma ɗaya gefen, maginin da aka ɗauko daga Jandutsi ya ce a juya ƙofar ta kalli hanya. Gwaggo ta ce ba a isa ba. Har yau duk mai shiga gidan sai ya zagaya ta bayan turken awaki, yana tsaki.

"Kowa na cewa rigima ta gare ni," ta ce. "Yaron ga in ya taho, da dare za shi taho, don kunya. Ba ya tambayar kowa hanya. Inda yas san ƙohwa nan za shi nuhwa. Ka gina abinka yadda kaka so, amma kak ka ɗauke mishi ƙohwa."

Na dawo Jega na duƙufa. Aikin ya ci mini kwanaki. Na fara da adana kwafin komai a wuri biyu, na kashe ƙananan manhajojin da na liƙa wa shafin tsawon shekaru, sannan na yi bismillah na danna sabuntawa. Allon ya yi fari fat, babu ko harafi. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, na zauna ina kallon fuskata a baƙin gilashi. Da wuta ta dawo na gano tsohuwar rigar shafin ce, wato adon fuskarsa da ban sa a gwajin ba, ba ta shiga sabon zubin, na cire ta, shafin ya farfaɗo. Sai maganar ƙofa. Na shiga dandalin da masu aikin gayyar manhajar ke amsa tambayoyi, na rubuta damuwata da ɗan Turancina. Wani bawan Allah daga ƙasar da ban san ko ana cin albasa a can ba ya nuna mini yadda zan sa tsohon adireshi ya riƙa kai mutum sabon wuri, da yadda zan kwaso tsofaffin sharhin ba tare da sun zube ba. Ya yi mini komai kyauta, ko sunana bai tambaya ba.

Abu ɗaya ya gargaɗe ni a kai. Ya ce kada in bar wurin sharhi a buɗe babu rajista, don tarkacen talla zai cika shi, in kuma dole ne to in kunna matatar da ke zubar da saƙonnin banza da kanta. Gaskiya ya faɗa. Amma na duba irin abin da matatar ke zubarwa: saƙo gajere, babu suna, daga baƙuwar waya a baƙuwar ƙasa. Wato taubashina ke nan sak. Na kulle ko'ina a shafin, na bar wannan labarin guda a buɗe, babu rajista babu matata. Hoton ma na so in sauya shi da mai kyau, don a sabuwar rigar ya ƙara muni, har na ɗauko wani, sai na fasa.

Tun daga nan na samu sabon aiki. Kowace safiya, kafin in sha koko, sai na shiga na share wurin. Tallar caca, tallar maganin ƙarfi, wasu rubuce-rubuce da harsunan da ban taɓa gani ba. Ɗaya bayan ɗaya nake karantawa kafin in goge. Wata rana na tsaya na yi wa kaina dariya: ga ni ina yi wa mutum shara a ƙofa kullum, ashe gardamar wane ne bawa ta ƙare, shi ya ci.

Sallah ta zo ta wuce, shiru. Aka cire albasa, aka cika rudu, aka fara lodi zuwa Kudu, shiru. Na gwada tsohon adireshin a wayar mai shayi, a wayar wani mahauci abokina, a duk wayar da na samu, yana kai ni inda ya kamata. Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba. Ko ya zo ya ga wurin ya sake ya juya? Ko ina cikin sauri na haɗa nasa da shara? Da farko Gwaggo kan tambaye ni duk ranar da na je. Daga baya ta daina, sai dai ta dubi aljihun da nake sa waya, ta ce in gai da mutan gida. Wannan ya fi tambayar ciwo. Na ji tsoro ƙwarai, tsoron cewa da hannuna na raba uwa da ɗanta don shafi ya yi sauri.

Ruwan farko ya sauka, ana ta shuka gero. Wata safiya ina shara, tsakanin tallar agogo da ta caca, na ga Hausa.

"Bawana, wa yac ce ka yi ma ɗakin ga fenti? Na ɗauka na ɓace, sai da nig ga hannuna. Ka ce ma Inna ina lahiya."

Kokon nan ban sha shi ba. Hanyar Sabiyal duk taɓo, mashin na ta zamewa, na zagaya ta bayan turken awaki ban yi tsaki ba. Gwaggo na tsakar gida tana tankaɗe. Na durƙusa na karanta mata, na tsallake farkon don ladabi, na fara daga inda ya ce yana lafiya.

"A'a," ta ce. "Karanto shi dut, tun daga kai."

Na karanta, har da bawan. Ta saki rariyar, ta yi dariya har hawaye suka zubo, ta sa bakin zane tana gogewa, dariyar ba ta tsaya ba, hawayen ma haka.

"Shi na. Babu mai zagin ka haka sai shi."

Ta karɓi wayar da hannu duk gari, ta daɗe tana kallon hoton nan dishi-dishi, ta shafa hannun da ke riƙe da albasa da ɗan yatsanta. Sannan ta miƙo mini.

"Rubuta mishi. Ka ce ƙohwa ta nan gida ma tana nan inda yab bar ta."

Na miƙe tsaye, na ɗaga wayar sama wajen katanga inda sabis ke kamawa, na rubuta yadda ta faɗa.