Darasin Da Yaya Lawali Bai Ƙarasa Ba

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana, Malam Lawali, malamin lissafi a wata sakandare ta wajen Zurmi. Har yau ban san inda kabarinsa yake ba.

Ina cikin ajinsa a ranar, da hantsi. Ya zana lanƙwasasshen layin nan da ake kira farabola, yana nuna mana yadda ake gano wurin da yake juyawa, ƙolinsa ko gindinsa. Ya rubuta y = x² − 6x + 5, ya ce a ɗauki lambar da ke tare da x, a juya alamarta, a raba da ninkin wadda ke tare da x². Muka samu uku. Saura a mayar da ukun cikin lissafin a nemo y, sai muka ji babura. Ba irin na 'yan kasuwa ba.

Alli ya faɗi daga hannunsa. Ya buɗe tagar baya, ya riƙa ɗaga mu ɗaya bayan ɗaya yana jefawa cikin gonar dawa. Na riƙe rigarsa, ya ɓamɓare yatsuna. "Tafi, Hadiza, kar ki waiwaya. Ina nan tafe." Ya jefa ni waje. Muna kwance tsakanin kunyoyin gonar, ina jin haƙoran ta kusa da ni suna karo.

'Yan bindiga ne, sun tafi da shi. Bayan kaka wani da ya kuɓuto ya ce zazzaɓi ya kashe shi a daji.

Yanzu ni ke koyar da lissafi a Ƙaura Namoda. Ko me Yaya zai ce in ya ga yadda nake koyarwa, kunne ɗaya a aji, ɗaya a titi? Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Makon jiya salansar wani babur ta buga, kafin in juyo rabin ajin sun shige ƙarƙashin benci. Ba wanda ya koya musu. Da tsoron suka tashi. Hanyar Shinkafi kuwa, ba mai hawanta sai ya nemi gafarar iyayensa.

Bai bar gida ba, bai bar ɗa ba. Abin da ya bari mu ne, 'yan ajinsa: har da ma'aikaciyar jinya, da mai sayar da hatsi a Kasuwar Daji, duk muna numfashi. Allah Ya jiƙanka, Yaya. Tsoron bai sake ni ba, amma kullum sai na duba tagar ajina, in tabbatar tana buɗuwa.